Hannun da Ya Tsayar da Tankari

Akwai wani tsohon ɗan acaɓa mai suna Tankari, mutumin Kurna ta Kano, wanda neman abinci ya kai birnin Guangzhou. Aikinsa ɗaure dilolin kaya a wani sito kusa da kasuwar Canaan.

Abin dariya, mutumin da ya girma a kan babur sai ga shi a garin da aka hana hawa babur. Kullum yana ƙafa ko cikin bas, yana kallon titi kamar mai azumi a gaban mai tuwo.

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, biza ta yi wuya, 'yan uwa suka yi ta komawa gida. Na ƙarshe shi ne Mas'udu ɗan Maraɗi, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya.

"Ka yi haƙuri, ɗan uwa," in ji Mas'udu ranar tafiya. "In hanya ta buɗe zan dawo."

Daga nan Tankari ya koma ci shi kaɗai. Sai ya wuni bai ji an kira sunansa ba. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, har in ya shiga ɗaki yakan yi sallama, ya amsa wa kansa.

Mai siton, wanda suke kira Lawban, wato maigida, yana tura babura Afirka, yana kuma da ƙungiyar 'yan tsere. A shekarar ne aka fara wata gasar tseren babura ta cikin daji a tuddan arewacin birni, mahaya suka zo daga ƙasashe daban-daban.

Tankari ba kofi ne a ransa ba. Ya sha ganin mahayan Lawban sun kewaye tukunya ɗaya suna ci suna dariya, shi gurbi yake so a wannan da'irar.

"Lawban, ka gwada ni mana."

Lawban ya dube shi sama da ƙasa. "Ka shigo ukun farko a rukunin sababbi, ka zama namu. In ba haka ba, meyo."

Meyo a bakinsu, babu ke nan.

Ranar gasa Lawban ya ara masa babur. Hanya duk taɓo ce da duwatsu. To, wanda ya yi acaɓa a lungunan Kano da damina, taɓo ba baƙonsa ba ne. Kafin a yi nisa Tankari ya zama na biyu.

A wata kwana sai ga wata tsohuwa da malfar manoma, tana ɗaga hannu. Wanda ke gaba ya ɗauka jinjina take, ya wuce. Amma ƙafar ɗan acaɓa ba ta shawara da kai in ta ga an ɗaga hannu. Kafin Tankari ya yi tunani ya taka birki, har bakinsa ya ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Babur ɗaya ya wuce shi, ya watsa masa taɓo.

"Kai Tankari, a Kurna kake?" ya ce wa kansa, takaici kamar ya yi kuka.

Zai ja babur ke nan tsohuwar ta riƙe rigarsa, ta nuna masa wani kwazazzabo. Can ƙasa, inda ba a gani daga hanya, wani mahayi ne kwance, ƙafarsa ta karye, jini na zuba.

Tankari ya dubi hanya. Har yanzu shi ne na uku. In ya tafi, gurbin nasa ne.

Ya kashe babur, ya gangara.

Ya karɓi zanen da tsohuwar ke ɗaure itace da shi, ya ɗaure mutumin a bayansa yadda 'yan acaɓa ke kai mara lafiya asibiti. A hankali ya tuƙa, yana kauce wa ramuka. Shi ne ya iso na ƙarshe.

Lawban bai ko ɗaga murya ba. "Meyo," ya ce.

Tankari ya koma kan diloli.

Ranar Ƙaramar Salla ya dawo daga idi, ya zauna gaban shinkafarsa ya kasa ci. Sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ana kiran sunansa.

Mahayin nan ne da ya ɗauko daga kwazazzabo, mai suna Liyang, yana dogara sanda, matarsa da ƙannensa a baya ɗauke da abinci daga gidan abincin Musulmi. Shago-shago ya bi a Canaan kafin ya samo ɗakin.

"An ce yau bikinku ne," in ji shi da guntun Turancinsa. "Mu a wajenmu ba a cin abincin biki mutum ɗaya."

Tankari bai taɓa shiga ƙungiyar tsere ba, Liyang ma ƙafa ta raba shi da gasa. Amma Liyang yana da garejin babura a ƙauyensu, inda ba a hana hawa. Duk Lahadi Tankari yakan je ya zaga tuddai son ransa. In rana ta yi tsaka, sai ya hango Liyang a bakin hanya ya ɗaga hannu.

"Ina zuwa?" in ji Tankari.

"Gida. Kai ake jira a zuba abinci."

Darasi: Kada sauri ya hana ka tsaya wa wanda ya ɗaga maka hannu. Abin da kake tsere dominsa, wataƙila Allah ya ajiye maka shi a wurin tsayawar. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke nesa da gida, ko ya ɗebe wa wani kewa.