Jatau da Mai Gadin Ƙofar Baya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko gyaɗa ce ta cika muku baki? Yauwa.

Duk unguwar nan ba mai rumbun tatsuniya irina. To, biyu ne a rumbun, ɗayar ma na manta ƙarshenta.

Wani mutum ne, Jatau, ya je gaida surukai. Aka kai masa tuwon dawa ɗaki, ya tura ƙyaure ya share kwano.

To, cikin mutum gari ne guda. Baki ya niƙa, Maƙogwaro ya tura, Tumbi ya dama, Ƙaramin Hanji ya tsince na amfani ya ba jini. Sai ya miƙa wa Babban Hanji dusa. Shi kuwa aikinsa shanye ruwa, saura ya kai wa tsoho mai gadin ƙofar baya.

Da safe mai gadi ya ce, "Maigida, kaya sun iso. A buɗe?"

Jatau ya leƙa. Ga surukarsa zaune daidai hanyar banɗaki, tana tankaɗe.

"Ni in ɗauki buta a gaban Inna? Jira!"

Washegari, "Maigida, a buɗe?"

"Jira!"

Rana ta uku ma, "Jira!"

Babban Hanji ya ce, "Ni dai ba na zaman banza." Sai ya yi ta shanye ruwa, har kaya suka koma dutse. Ciki ya kumbura kamar ganga.

Sai Inna ta tafi suna. Jatau ya ruga, ya tsuguna, ya ce, "Baba, buɗe!"

Mai gadi ya ce, "Yanzu? Ai kayan sun fi ƙarfin ƙofa, ɗan nan."

Jatau yana ta nishi sai ga Inna ta dawo. Ta jiƙa tsamiya, ta yi kwaɗon zogale, ta yanka gwanda, ta ce, "Cinye, ka bi da ruwa." Da la'asar, gida cike da baƙi, ta miƙa masa buta da hannunta: "Hanzarta, Jatau!"

Don haka in mai gadi ya ƙwanƙwasa, ku amsa, ko a gidan wa kuke. Ni kam ban taɓa...

Me kika ce daga madafa, uwargida?

"Na ce ƙarya kake, Malam. Kwana biyar ka yi, kuma sau biyu Innata ta cika maka butar."

Ƙurunƙus! Ku tashi, tuwo na hucewa.