Maganaɗisun Baba Alu

Akwai wani manomin albasa a Maiyama, Alhaji Waliyyu. Mutumin kirki ne, amma da zarar idonsa ya ga abu mai ƙyalli, to kunnensa ya toshe.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ya sayi goɗiya a Aliero, tana da tsohon ciki. Tafiyar ƙasa ba za ta yiwu mata ba. Sai aka ce masa wani dillali a Jega, Sadiƙ, yana da 'yan tireloli biyu na sanholo, irin waɗanda ake ɗaura wa akori-kura a baya don ɗaukar doki.

Ya roƙi aminin mahaifinsa, Baba Alu, wanda ya tsufa yana ƙera tukwanen sanholo, ya raka shi.

Ɗaya tirelar ta dushe, duk jikinta tabo. Ɗayar kuwa sai ɗaukar ido take yi.

"Wagga nika so," in ji Alhaji.

Baba Alu ya matsa kusa da mai ƙyallin. Ya cire hula, ya tattare riga, ya kwanta rigingine, ya shige ƙarƙashinta. Nan da nan mutane suka taru.

"Baba, don Allah hito! Kana ba ni kunya cikin kasuwa. Kunama kaka nema?"

"Ɗana, doki bisa ƙasanta shika tsayawa, ba bisa fenti ba."

Da ya fito, ya zaro wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Ya kara a jikin dusasshiyar, ya faɗo ƙasa. Ya kara a jikin mai ƙyallin, ya manne ram.

"Sanholo bai riƙon maganaɗisu, Waliyyu. Wagga baƙin ƙarhe ce anka shahe da fenti, kuma hitsarin doki ya cinye ta daga ƙasa. Waccan mummunar kuwa, dubi waldarta, a jere kamar ɓawon kihi."

Sadiƙ ya yi dariya. "Alhaji, mi mai tukwane ya sani ga mota? Ka shiga Maiyama da waccan, a ce kaji ka ɗauko?"

Wannan maganar ce ta gama da shi. Ni dai har yau idan na tuna, haushi nake ji. Alhaji ya ɗauki mai ƙyallin.

A Aliero, goɗiya ta ɗora ƙafa ɗaya a ciki, ta janye, ta kafe.

"Ga shaida ta biyu," in ji Baba Alu.

"Haba Baba! Yanzu har dabba za ta koya mini sayayya?"

Ƙarti huɗu suka tura ta ciki. Aka ce tsoho ya shiga gaba, ya ƙi. Ya hau bayan mota cikin rana, ya zauna yana fuskantar tirelar.

Sun wuce Jega kaɗan mota ta faɗa rami. Baba Alu ya ji wata ƙara, ya shiga dukan rufin mota da hannu biyu.

"Direba, tsaya! Tsaya na ce!"

Ƙafar goɗiya ta baya ta ɓurma ƙasan tirelar, kofatonta na lilo, saura kaɗan ya taɓa kwalta. Da an ƙara tafiya, da ita da abin cikinta an rasa.

Da ƙyar aka zaro ƙafar, jini har ƙasa. Alhaji ya yage rawaninsa ya ɗaure mata. Ya koma Jega da kansa, kai a sunkuye, ya jawo mummunar tirelar. Ita ta kai su gida lafiya.

Bayan kwana tara goɗiya ta haihu. Ɗan ya rayu, amma ita ɗingishi bai bar ta ba har ta mutu.

Ranar da aka je kwaso mai ƙyallin daga bakin hanya, Alhaji ya tarar da maganaɗisun nan manne inda tsoho ya bar shi. Ya ɓamɓaro, ya kai masa.

"Riƙe shi," in ji Baba Alu. "Ni tun Jega na ji abin da maganaɗisun ya ce. Kai ne sai da goɗiya ta hwassara maka."

Darasi: Kafin ka ɗora abin da kake ƙauna a kan wani abu, sunkuya ka dubi ƙasansa, kuma kada gorin dillali ya sa ka raina mai sani. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ƙyalli ke toshe wa kunne.