Rantsuwar da Ta Ƙi Goguwa

An yi wani mutum, mai gyaran waya, wanda yanzu ba ya magana a gaban baƙo. Ba ciwo ne ya kama shi ba. Ya rasa shagonsa, yayarsa ta daina ɗaga kiransa, kuma duk inda ya buɗe baki sai wani ya waiwayo ya ce, "Na san muryar nan." Bara abin ya faru, a layin masu waya da ke bayan tashar mota.

Ya 'yan uwa, ga yadda aka yi.

Shagon ƙarami ne: teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasa, kwalin matattun wayoyi. Mutane kan ba shi waya har da lambar buɗewa, su tafi harkarsu. Ba a taɓa jin ya leƙa hoton kowa ba. Jarinsa ke nan.

Wata rana saƙo ya shigo masa: aikin wucin gadi ta intanet. Ka danna hotunan kaya a wata manhaja, ka yaba su, a biya ka kullum. Sharaɗin shi ne ka ajiye kuɗi kafin a ba ka aiki. Ya ajiye kaɗan, aka biya shi. Ya ajiye da yawa, har da kuɗin hayar shago. Da ya zo cirewa, aka ce asusunsa a kulle yake, ba za a buɗe ba sai ya kawo mutane sun yi rajista ta hannunsa.

A nan ya gane. Mutumin da ya san waya kamar yunwar cikinsa ba ya bukatar a faɗa masa. Zuwa wannan lokacin, shi aka zalunta. Da ya haƙura, da asara ce kawai.

Bai haƙura ba. Matar da ke ba su umarni a manhajar, wadda bai taɓa ganin fuskarta ba, ta ce ya yi saƙon murya. Ya rufe ƙofa saboda ƙarar janareta, ya ɗauka: "Salamu alaikum, ni ne mai gyaran waya. Wallahi tallahi na cire kuɗina da hannuna. Ba damfara ba ce. Wanda ya yarda da ni ya shiga."

Matarsa ta ji saƙon a wayar maƙwabciya. Ta ce, "Maigida, yaushe ka cire? Ni ko sabulu ban gani ba."

Ya ce, "Ke dai ki yi shiru. Da an buɗe zan mayar wa kowa nasa."

Yayarsa mai shara ce a asibiti. Ita ta biya masa kuɗin koyon sana'a. Tana tara kuɗin aikin ido, don yanar ido ta rufe mata na hagu. Ta zo shago da kanta.

"Auta, ni ban iya latse-latsen nan naku ba. Gaskiya ne?"

"Haba Yaya, ni zan cuce ki?"

"To sa min."

Ya sa mata da hannunsa. Ita kuma ta kawo abokan aikinta.

Ran nan aka wayi gari manhajar ba ta buɗewa. Mutane suka cika ƙofar shago. Ba wanda ya taɓa shi. Kowa ya karɓi wayarsa, wasu a warwatse, sukurorin a leda. Wanda ya ba shi hayar shagon ya sa kwaɗo. 'Yan sanda suka rubuta bayaninsa, aka ba da belinsa.

Yayar ta same shi a gida daga baya. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ba kuɗi ya kawo ni ba. Ranar da ka sa min, ka sani?"

Ya kau da kai.

Ta ce, "To." Ta fita tana lalubar bango.

Yanzu yana aiki a ƙuryar shagon wani, inda mai kawo gyara ba ya ganinsa. Kwanaki aka miƙo masa wayar wata mata a gyara lasifika. Ya gama, ya danna saƙon farko da ya gani don gwaji. Muryarsa ce ta fito. An liƙa ta a ƙarƙashin sabuwar manhaja, da sabon suna. Ya goge ta a wayar nan. Sauran wayoyin fa?

Ya yi wani saƙon yana cewa ƙarya ya yi. Ba wanda ya tura shi gaba.

Ya 'yan uwa, ba asarar da ya yi ce ta halaka shi ba. Kowa ana iya cutarsa. Abin da ya halaka shi shi ne ya sani, kuma ya rantse. Malamai sun gaya mana rantsuwar ƙarya da aka ci dukiyar mutum da ita tana dulmiyar da mai ita. Wane aiki ne ma'aikaci ke biyan maigida kafin ya fara? Wace riba ce ba ta fitowa sai ka miƙa ɗan'uwanka? In an cuce ka, bari cutar ta tsaya a kanka. Kada ka ara wa ɓarawo sunanka, balle sunan Allah.

Allah ya kiyaye mu, ya tsare mana harsunanmu, ya hana mu sayar da yardar da aka yi mana. Ku sa shi a addu'a, shi da yayarsa. Har yau ba a yi mata aikin idon ba, kuma saƙon yana nan yana yawo.