Kamila da Akurkin Kajin Adjamé

Akwai wata ɗaliba 'yar Maradi mai suna Kamila, wadda ta samu gurbin karatu a wata jami'a mai zaman kanta da ke Treichville, cikin birnin Abidjan. Yarinya ce mai kai, wannan ba a musu. Aibinta ɗaya, tun da ta fara zuwa na ɗaya a aji ta fara yi wa mutane kallon sama da ƙasa.

Ranar da za ta hau mota, mahaifiyarta Adawiyya ta ɗaure mata ƙulli: gwangwanin man shanu, kuka, da kilishi nannaɗe a takarda.

"Wannan saƙon Hajiya Zalihatu ne," in ji uwar. "Tana unguwar Adjamé Saint-Michel. Aminiyar kakarki ce, kuma ita ce mai masaukinki. Na yi mata waya, ta share miki ɗaki. Kada ki sauke jakarki ko'ina kafin ki durƙusa gabanta."

Kamila ta ce to.

Da ta iso Abidjan ta ɗauki tasi zuwa gidan, amma ta ce wa direba ya jira ta, kayanta duka suna bayan mota. Sai ta gani da idonta tukuna.

Gida ne irin na haya, ɗakuna goma sha ɗaya kewaye da tsakar gida guda. Famfo ɗaya, bokitai sun yi layi a gabansa. Wata mata na suyar kifi a ƙofar ɗakinta, igiyar shanya ta ratsa ko'ina, ga diloli na atamfa jibge a zaure, ga ihun yaran mota daga unguwar Roxy da ke kusa yana shigowa har cikin gida.

Hajiya Zalihatu na zaune kan tabarma da carbi a hannu. Ta tari Kamila da murna, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da Hausar Maradi ta dā wadda Kamila ba ta ƙara ji ba tun rasuwar kakarta. Sannan ta nuna mata ɗakin: ƙarami, an yi masa sabon fenti, da katifa, da tebur na karatu a gindin taga.

Suna tsaye wayar Kamila ta yi ƙara, wata ƙawarta ce daga gida. Sai ta juya harshe zuwa Faransanci, tana tsaye taku biyu daga tsohuwar.

"Kada ki so ki gani," ta ce tana dariya ƙasa-ƙasa. "Akurkin kaji ne. Ni ba zan kwana a nan ba ko sau ɗaya."

Ni dai ban san inda yarinyar nan ta ajiye hankalinta ba. Mace ta shekara arba'in tana ciniki a kasuwar Adjamé, amma don ta ga carbi da lulluɓi sai ta yanke cewa ba ta jin Faransanci.

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

"Hajiya, bari in je in ga makaranta in dawo," in ji Kamila.

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata."

Ta fita ta shiga tasi. Ƙullin saƙon ko taɓa shi ba ta yi ba.

Dama tun tana Maradi ta ga hoton wani ɗaki a intanet. A Treichville yake, hawa na uku, da tayil, da na'urar sanyi, da baranda mai kallon ruwa, tafiyar minti goma zuwa makaranta. Wani dillali mai zaƙin baki ya nuna mata, ta biya shi, ya miƙa mata mukulli. Ba ta tambayi wane ne mai gidan ba, ba ta nemi takarda ko ɗaya ba. Hoto ta ɗauka a baranda ta tura wa ƙawaye.

Duk ranar da mahaifiyarta ta kira, tambayar ɗaya ce: "Kin ba Hajiya saƙonta?"

"Na ba ta, Mama. Tana godiya."

Ƙullin kuwa yana ƙarƙashin gado.

Sati uku ana haka. Ranar wata Litinin sai ma'aikaciyar ofishin rajista ta kira ta, ta buɗe takardunta a gabanta.

"Ke baƙuwa ce a ƙasar nan, takardar masauki ba ta cikin fayil ɗinki. Mai gidan da kike zaune zai sa hannu cewa a gidansa kike kwana, ya haɗa da takardar wutar lantarki mai sunansa, a buga hatimi a ofishin magajin gari. Juma'a ƙarfe goma sha biyu muke rufewa. Wanda fayil ɗinsa bai cika ba, gurbinsa na mai jira ne."

Kamila ta ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta fita ta kira dillali, waya a kashe. Ta sake kira da yamma, a kashe. Washegari ma haka.

Ta sauka wajen mai gadin benen. Mutumin ya saurare ta, ya girgiza kai.

"Mai gidan ya rasu shekara biyu ke nan, 'ya'yansa suna kotu kan gado. Wanda ya kama ɗakinki yana Turai, shi ya bar wa abokinsa, dillalin nan naki, mukulli. Ba wanda zai sa miki hannu a nan, don a takarda ba ki nan."



Ranar Talata wani mutum ya tare ta a bakin titi kusa da makaranta, ya ce zai haɗa mata takardar cikin awa biyu, da hatimi da komai. Har ta fara sauraronsa, sai wata 'yar ajinsu ta ja ta gefe ta ce ofishin rajista suna kiran mai masauki a waya su tabbatar, kuma bara an kori mutum biyu kan takardar jabu.

Ranar Laraba ta tuna ashe ita Bahaushiya ce. Ta shiga kasuwar Treichville tana bin rumfuna, duk inda ta ji Hausa sai ta tsaya ta yi sallama. Ta samu wani dattijo mai sayar da turare, Alhaji Mika'ilu, ta zayyana masa komai, idonta ya cika da hawaye.

"Sannu, yarinya. Ke baƙuwar wa ce?"

"Ni kaɗai nake, Baba."

"Ba a zuwa Abidjan haka. Da za ki taso, gidan wa iyayenki suka tura ki?"

Ta sunkuyar da kai ta faɗi sunan. Dattijon ya ajiye kwalbar da ke hannunsa.

"To ai magana ta ƙare. Baƙon da aka aiko wa wani, ba mai karɓarsa a bayan idonsa. Haka muka tarar, haka muke zaune lafiya a ƙasar mutane. In na sa miki hannu, da wane ido zan kalli Hajiya Zalihatu? Ki koma wajenta."

Ta gwada rumfa ta biyu, ta gwada ta uku, har da wata mata mai abinci. Tambayar ba ta canja ba, amsar ma haka. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa, Adjamé ake nuna mata.

Ta koma ɗakinta mai sanyi ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Ta ga kanta a tashar Maradi da akwati, mahaifiyarta ta zo tarbarta, maƙwabtan da aka raba wa goron tafiyarta suna leƙe. Shekara guda ta tafi a banza, kuma ba rashin ƙoƙari ya jawo ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ga kunya ta hana ta motsi, don ta san abin da ta faɗa a gidan nan.

Sai da azahar ɗin Alhamis ta iya jawo ƙullin daga ƙarƙashin gado. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Bas ta tsaya cik a kan gada fiye da awa guda, tana rungume da ƙullin tana duba agogo. A Roxy ta sauka ta ƙarasa da ƙafa cikin taɓo, takalminta ɗaya ya tsinke, ta riƙe shi a hannu.

Hajiya na zaune a zaure tana lissafa wa wata mata launukan atamfa. Ta ɗago ta dubi Kamila tun daga kai har ƙafa, sannan ta yi magana da Faransanci tsaf, wanda ya fi na Kamila gogewa.

"Barka da zuwa akurkin kaji, 'yata."

Kamila ta durƙusa a jiƙe, ta tura ƙullin gaba.

"Hajiya, ki yafe mini. Ga saƙonki, sati uku yana hannuna. Na yi wa Mama ƙarya. Gobe za a ba wani gurbina."

Tsohuwar ta kwance ƙullin a hankali. Kilishin ya yi fumfuna saboda laimar garin, ta ture shi gefe. Ta buɗe gwangwanin man shanu ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Shekara shida rabona da gida," ta ce da Hausa. "Tun da Adawiyya ta ce ta ba ki wannan nake jiransa."

Wannan maganar ta fi wa Kamila zafi a kan zagi.

Hajiya ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ambulan. A ciki akwai takardar masauki da sunan Kamila cikakke, da takardar wuta, da hatimin ofishin magajin garin Adjamé. Kamila ta dubi kwanan watan da ke jiki. Kwana ɗaya ne kafin ta iso Abidjan.

"Ɗalibai nawa suka wuce ta gidan nan? Na san abin da makaranta ke nema tun kafin su nema," in ji Hajiya. "Da kaina na bi layi na buga miki hatimi."

Kamila ta miƙa hannu. Tsohuwar ta janye takardar.

"Tsaya. Karanta abin da ta ce. Ta ce a gidana kike kwana. Ni ban taɓa sa sunana a kan ƙarya ba, ba kuma zan fara a kanki ba. In za ki ɗauke ta, sai maganar ta zama gaskiya."

"Zan dawo, Hajiya. Yau ma. Ɗakin nan ya yi mini, wallahi ya yi."

"Wane ɗaki? Kwana goma na bar shi a share ina sauraronki. Sai Ummul-Khairi ta zo daga Tawa da wasiƙar babanta, ta yi godiya tun kafin ta ga ciki. Ɗaki nata ne yanzu. Abin da ya rage shi ne ɗakin ajiyar kaya, akwai wurin tabarma ɗaya tsakanin diloli."

"Na karɓa."

"Saura ɗaya. Kira uwarki a gabana."

Kamila ta kira, ta faɗi komai.

"Na sani tun daren da kika sauka," in ji uwar. "Hajiya ta gaya mini. Na ce zan biyo mota in zo, ta ce in bar ki, tana da masu duba mata ke a kasuwar Treichville. Kullum ina tambayarki saƙon ne ko za ki gaya mini gaskiya da bakinki."

Hawaye suka zubo wa Kamila.

A ɗakin ajiya ta kwana, ƙanshin sabuwar atamfa na shiga mata hanci. Da asuba ta ɗauki bokiti ta bi layin famfo, ita ce ta bakwai. Ummul-Khairi ta ara mata takalmi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta isa ofishin rajista tana haki. Ma'aikaciyar ta duba hatimi, ta ɗauki waya ta buga lambar da ke jikin takardar, ta sa a lasifika. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Kamila ta riƙe bakin tebur, tana kallon agogon bango. A kira na biyu aka ɗauka.

"Madam Zalihatu? Kin san wata Kamila?"

"Na san ta."

"A gidanki take zaune?"

"A gidana ta kwana jiya, a gidana za ta kwana yau. 'Yata ce. In ta yi ba daidai ba, ni za ku kira."

Ma'aikaciyar ta buga hatimi ta rufe fayil. Kamila ta fito ta zauna a kan matakala, ta rufe fuska da mayafi. A birnin nan mai miliyoyin mutane, mace ɗaya ce ta yarda ta ce "tawa ce", kuma ita ce wadda ta kira gidanta akurki.

Wata huɗu ta yi a tsakanin diloli kafin wani ɗaki ya samu.

Darasi: In za ka zaɓi masauki a ƙasar da ba taka ba, kada tayil da baranda su rufe maka ido. Ka fara tambayar wane ne mai gidan, kuma wa zai tsaya maka ranar da aka tambayi na wane ne kai. Kada ka raina gidan da iyayenka suka tura ka, kada ka riƙe saƙon da aka ba ka amana. Ku tura wannan ga duk ɗalibin da ke shirin fita karatu waje, da iyayen da ke shirin sallamarsa.