Mutumin da Ya Kwance Birki Biyu Tare

Akwai wani mutum mai suna Filibus, yana da 'yar ƙaramar mota. Tun da matarsa ta rasu ya janye jikinsa daga mutane, har sujada a coci ya daina zuwa. Kewa tana cinsa, amma kowa ya tambaye shi sai ya ce, "Lafiya lau."

Wata rana aka aiko masa cewa wansa yana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu, yana ta kiran sunansa. Motar haya ba ta zuwa can sai ranar kasuwa. Hanyar duk gangare ce, birkinsa na baya kuma ya daɗe yana ƙara. Ya ce bari ya duba tukuna.

Ya ɗaga motar a tsakar gida, ya cire tayoyin baya, ya zare kwanon ƙarfen da ke rufe birkin. Makanikai ba sa kwance gefe biyu tare. Sukan bar ɗaya a ɗaure, su riƙa leƙawa suna ganin mazaunin kowane ƙarfe. Shi kuwa gogan naka, garin sauri, ya wargaza duka biyun. Da ya zo mayarwa, ga ƙarafa zube a tabarma, bai san wanne ke bin wanne ba, ba kuma inda zai duba.

Maƙwabcinsa Iliya, mai irin motarsa, ya leƙo ta katanga ya ce, "Sannu da aiki, Baba. In shigo ne?"

Filibus ya ce, "A'a, na kusa gamawa."

Haka ya wuni yana juya ƙarafa shi kaɗai, ga hawaye, ga kunya. Sai washegari ya daure ya kira Iliya. Iliya ya cire tayar tasa motar, suka duba nasa birkin, nan da nan suka haɗa na Filibus.

Filibus ya isa ƙauye ya tarar ana dawowa daga maƙabarta. Matar wansa ta ce masa, "Har jiya da yamma yana tambaya ko ka iso."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Baƙin ciki yakan wargaza mutum har ya manta yadda zuciya lafiyayya take. Gefen da aka bari a ɗaure shi ne ɗan'uwanka mai bi, wanda Ubangiji ya ajiye kusa da kai domin ka duba. In ya leƙo ya ce, "In shigo ne?" kada ka ce ka kusa gamawa. Buɗe masa yau, wataƙila wani yana can yana kiran sunanka.