Salansar da Ta Yi Harbi

Akwai wani mai walda a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, sunansa Uwaisu. Abu biyu ya mallaka a duniya: hannu mai iya lanƙwasa ƙarfe, da sunan kirki. Ka bar masa mota wata guda, ko ƙusa ba za ta ɓata ba.

Shekarar da sojoji suka fara bore, Alhaji Abdulganiyu mai shagon kayan gini ya ɓoye motarsa a garejin Uwaisu. Tsohuwar motar Amurka ce, ja, mai silinda takwas, wadda ya saya wajen wani Bature da zai bar ƙasar. Alhaji yana ji da ita har mutane na cewa ita ce uwargidansa.

Kwana huɗu ana harbi, kowa na ƙunshe a gida. Da abin ya lafa, sai aka tarar an fasa garejin, an kwance salansar motar da bututun da ke fitowa daga injin, an yi gaba da su.

Alhaji bai yi bincike ba. Ranar Juma'a, a ƙofar Masallacin Koudoukou, ya riƙe wuyan rigar Uwaisu ya kira shi ɓarawo. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Sango, yaren ƙasar, don kada wani ya ce bai ji ba.

Daga ranar masu motoci suka janye. Matar Uwaisu, Ikilima, ta daina shiga kasuwa saboda nunin baki. Uwaisu bai yi rantsuwa ba, bai kai ƙara ba, amma abin ya zauna masa a zuciya. Kullum da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Alhaji kuwa ya zagaya garejojin unguwar Miskine da na cikin gari, ya rasa wanda zai iya lanƙwasa bututu takwas su haɗu daidai. Bayan wata biyar ya dawo wajen Uwaisu, ko kunya babu, ko ban haƙuri babu.

"Kai ka san motar nan. Ka yi mata sabo."

"To, Alhaji," in ji Uwaisu.

Ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba, walda sumul kamar daga kamfani. Amma a inda bututun ya haɗu da inji ya bar 'yar kafa da iska za ta shiga, ya kuma ƙara wa injin shan mai. Duk makanike ya san sakamakon. Muddin aka taka mota da ƙarfi sannan aka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, salansa za ta riƙa fashewa kamar bindiga.

Ya kuma san tuƙin Alhaji. Ba ya rage gudu sai hancin motarsa ya kusa taɓa shingen sojoji.

Abin da Uwaisu yake so shi ne sojoji su fito da shi, su kwantar da shi a ƙasa da babbar rigarsa, su ƙwace motar, gari ya yi kallo. Ikilima ta ga yana murmushi shi kaɗai, ta tambaye shi, ya ce ba komai.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Alhaji ya nufi cikin gari. Ya hango shingen sojoji, ya ɗage ƙafa, motar ta saki ƙara sau uku. Sojojin da suka kwana cikin tsoro ba su tsaya tambaya ba, suka buɗe wa motar wuta. Alhaji ya rayu, amma sai da aka yanke masa ƙafar dama.

Uwaisu ya ji labarin, ya jira daɗin da ya daɗe yana jira. Daɗin bai zo ba. Ya kasa cin abinci, ya kasa riƙe ƙarfen walda.

Da aka sallami Alhaji, ya aika a kira Uwaisu. Zauren cike yake da 'yan kasuwa da dattawan masallaci. Alhaji ya ce tun yana asibiti aka gano tsohuwar salansarsa a hannun wani mai sayar da kayan ganima. Sannan ya fashe da kuka.

"Ku shaida, na zalunci bawan Allah nan. Uwaisu ba ɓarawo ba ne. Na ci mutuncinsa, ya yi mini aiki mai kyau. Tsufan inji ne ya jawo mini wannan. Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Ya faɗa da Hausa, wani dattijo ya fassara wa sauran. Mutane suka taso suna miƙa wa Uwaisu hannu. Ga sunansa an wanke shi tas, kuma in ya yi shiru babu wanda zai taɓa sani.

Uwaisu ya dubi inda zane ya kwanta babu ƙafa a ƙarƙashinsa. Bai karɓi hannun kowa ba.

"Alhaji, ban saci salansarka ba," ya ce. "Amma ƙafar nan ni na cire maka ita."

Darasi: Wanda aka yi wa ƙazafi yana da gaskiya a hannunsa, kuma ranar wanke shi tana tafe. Idan ya zaɓi ramuwa a ɓoye, sai ranar ta zo ta same shi da laifin da ya fi wanda aka ɗora masa. Kai kuma mai saurin zargi, ka bincika kafin ka buɗe baki. Ka tura wa wanda ka san zuciyarsa na tafasa a kan wani, ko Allah zai sa ya dakata.