Amsar da Malama Ta Sa Aka Goge

Akwai wata malamar aji biyar da ba ta da abin alfahari kamar ɗalibanta. Kowace safiya sai sun rera mata waƙar tsafta, tana gyaɗa kai kamar ta gama gyara duniya.

Amma in ka ga filin makarantar fes, aikin Iya mai shara ne, tsohuwar da wata ƙungiya ke biya.

Wata rana ma'aikacin ƙungiyar ya zo da takardun tambayoyi. So suke su san makarantun da har yanzu ke buƙatar mai shara. Malama ba ta tsaya ta ji bayani ba, ta ɗauka gasa ce.

Ya ce, "Malama, ki ɗan ba mu wuri, yaran su amsa su kaɗai."

"In fita? Daga ajina? Yarana ba sa ƙarya."

Ta shiga zagaye tsakanin bencina, hannu a baya. Tambayar farko: kana yar da ledar ruwa a ƙasa? Kowane yaro sai ya saci kallon fuskarta, sannan ya rubuta "A'a". Ga ledojin nan kuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu!

Auta ce kaɗai, jikar Iya, ta rubuta "E, kullum".

Malama ta sunkuya ta raɗa mata, "Ke! Kunyata mu za ki yi a gaban baƙo? Goge."

"Malama, ai duk muna yi. Kakata ce ke kwashewa."

"Na ce ki goge."

Ta goge, idonta cike da ƙwalla.

Bayan wata guda sakamako ya zo. An yaba wa makarantar, har da takardar yabo ta maƙalawa a bango. An kuma sallami Iya, tunda yaran nan ba sa zubar da shara.

Kafin sati biyu ledoji sun toshe kwata, wari ya hana buɗe taga. Ran Malama ya ɓaci, ta daka wa ajin tsawa: "Me ya sa kuka yi ƙarya?"

Wani yaro ya ce, "Malama, ba amsar da kika koya mana ba ce?"

Ta waiga bencin Auta, ba kowa. Tun ranar da aka karɓi tsintsiyar kakarta, yarinyar ba ta sake zuwa ba.

Darasi: Yaro yana karanta fuskarka kafin ya karanta tambayarka. In gaskiya kake so, ba shi wurin da zai faɗe ta ba tsoro, don amsa mai daɗi takan cuci wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa iyaye da malamai.